Kwali Tara, Gado Ɗaya

Sati uku Auta ta yi tana zaɓen dayari. Ba wai shagunan ne suka yi mata yawa ba. Shago ɗaya ne, a bakin titi kusa da mai gyaran agogo, kuma iri uku kacal yake sayarwa. Akwai mai shafi guda ga kowace rana, akwai mai mako guda a shafi biyu, akwai kuma wani siriri da ya cusa wata guda cikin 'yan ƙananan gidaje. Takan ɗauki na farkon ta ji ya yi kauri, kamar tun yanzu yana tuhumarta da ranakun da ba za ta tsinana komai ba. Ta ɗauki siririn, ta ga ai rayuwar jami'a ba za ta shiga gida mai faɗin babban yatsa ba. Sai ta mayar da su, ta ce za ta dawo.

A zuwanta na biyar mai shagon ya gyara tabarau ya ce, "'Yata, in karanta su kike zuwa yi, ba a rubuta komai a ciki ba tukuna."

Kunya ce ta sa ta sayi na tsakiyan a ranar. Shuɗin bango gare shi, da roba mai ɗaure shi, da shafi ashirin farare a baya na rubuta abin da mutum ya ga dama.

Ba don ƙawa take wannan wahalar ba. Jami'ar da ta samu a wani gari take, kuma gadajen ɗakin kwanan ɗalibai ba su kai rabin ɗaliban ba. Baba ya riga ya yanke magana: in ta samu gado, to, in ba ta samu ba, gidan Gwaggo, ƙanwarsa da ke aure a can. Gwaggo tela ce, keken ɗinki huɗu gare ta a falo, kuma a wurinta duk wanda ya zauna da littafi a hannu mutum ne da ya rasa abin yi, sai a taimaka masa da kalmasa bakin zani. Auta ta taɓa yin hutun sati biyu a can. Shafi tara ta karanta, ta sa maɓalli ɗari da wani abu. Saboda haka ta ƙudurta a ranta cewa za ta isa jami'a a tsare, tsarin da babu wanda zai kalle ta ya hana ta gado.

Tsari kuwa a gidansu ba baƙo ba ne. Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana kula da sito a wani kamfanin kayan gini. Ya yi ritaya, amma siton bai bar jikinsa ba. Ko ashana Mama ta ɗauka a kicin, sai ya bi bayanta ya gyara wa kwalin zama. Da ya ji za a haɗa wa Auta kaya, sai da ya yi aski.

Ya samo kwali tara daga wani tsohon abokin aikinsa, duk girmansu ɗaya, duk launin ƙasa. Auta ta ɗauko alƙalami za ta rubuta "littattafai" a jikin na farko, ya riƙe hannunta.

"Ba a rubuta abin da ke ciki a jikin kwali."

"Don me, Baba?"

"Ɓarawo ma ya je makaranta. Lamba ake sawa. Abin da ke ciki kuma a rubuta a littafi, littafin yana wurin mai kaya. Kuma da kin rubuta, ki sauke shi daga kanki. Kai yana mantuwa, takarda ba ta yi."

Wannan magana ta yi wa Auta daɗi har cikin ranta, don dama ita ta fi yarda da takarda a kan mutane. Shafuka ashirin na bayan dayari suka samu aiki. Sau uku aka haɗa kayan aka warware. Da farko Baba ya ce a raba su iri-iri. Washegari ya ɗaga kwalin littattafai ya ji bayansa ya amsa, ya ce a sake rabawa bisa nauyi. Rana ta uku ya farka da sabuwar dabara, wai a jera su bisa abin da za ta fara buƙata. Kowane karo Auta ta sa rula ta ja layi a kan tsohon rubutu, ta sake sabo da koren biro, lamba na bin lamba.

Mama tana daga bakin ƙofa ta ce, "Wai karatu za ta je ne, ko kanti za ku buɗe mata?"

"Ke dai ba ki san aiki ba," in ji Baba.

"Na sani mana. Shekara talatin ina neman almakashina a gidan nan."

Ranar tafiya Kawu, ƙanin Mama, ya iso da hantsi da motarsa ta ɗaukar kaya. Auta ta leƙa gidan gaba inda za ta zauna, ta ga kujera ta sha baƙin mai, ga wata jarka a ƙasa tana ɗiga, ga tsumman da ba a san asalin launinsa ba. Ta dubi dayarinta mai shuɗin bango, ta dubi farin fayil ɗin da takardar shaidar samun gurbinta da hotunanta suke ciki. Ina! Ba za su yi tafiya da wannan jarkar ba.

Kwali ɗaya ya rage ba a rufe ba. Ta ɗauko tawul za ta naɗe su, sai ta tuna ƙa'ida. Ta buɗe dayarin, ta je layi na ƙarshe, ta rubuta da rubutunta mafi kyau: "Fayil ɗin takardu, da dayari," ta sa lambar kwalin a gaba. Sannan ta rufe shi, ta maƙala robarsa, ta naɗe shi da fayil ɗin a tawul, ta cusa a tsakiyar kaya, ta sauke zancen daga kanta kamar yadda aka koya mata. Baba ya zagaya kwalin da salatif sau uku, ya ɗaure da igiya, ya ja baya yana kallon ɗakin.

"Madalla," ya ce. "Babu abin da ya rage a waje."

Gaskiya ya faɗa.

Ƙarfe biyu saura suka isa. Ginin kwanan 'yan mata bene ne mai hawa huɗu, da doguwar baranda a ƙasa, da wata 'yar taga mai ƙarafuna inda wata mata ke zaune da hatimi tana rabon gadaje. An manna takarda a bango: a zo da ainihin takardar samun gurbi da hoto biyu, ana rufe taga ƙarfe huɗu. Mai gadi ya ce kaya ba sa wuce baranda sai mai su ta nuna makulli. Kawu ya jera kwalayen tara a jikin bango, ya zauna a kan ɗaya yana fifita da hularsa. Auta ta bi layi.

A gabanta wata doguwar yarinya ce da jaka ɗaya a kafaɗa, da baƙar leda a hannu. Cikin ledar akwai takardunta, da cajar waya, da rabin burodi. Takardar samun gurbinta ta yi lanƙwasa huɗu, har da tambarin gindin kofi a gefe. Auta ta ji tausayinta ya kama ta. Wasu dai haka suke shigowa duniya, ba mai nuna musu hanya.

Mai Leda ta waiwayo tana tauna. "'Yar'uwa, duk waɗancan kwalayen naki ne?"

"Eh."

"Tabɗi. Ke kaɗai, ko da 'yan unguwarku?" Ta dube ta sama da ƙasa. "To ina takardunki? Matar nan ba ta jira, in kika tsaya lalube sai ta ce na baya."

"Suna cikin kwali," Auta ta ce, har da ɗan ɗaga kai. "A rubuce komai yake."

"Wanne daga ciki?"

"Bari in duba dayar..."

Hannunta ya riga ya shiga jaka kafin kanta ya iso wurin. Ya taɓa waya, ya taɓa koren biro, ya taɓa rula. Ya tsaya. Ta juya ta kalli kwalaye tara, duk launin ƙasa, duk girmansu ɗaya, kowanne da lambarsa ɓaro-ɓaro, babu wanda ya ce mata uffan. Tana tuna lokacin da take rubuta layin. Tana tuna yadda harafin farko ya fito da kyau har ta tsaya kallonsa. Lambar ce dai babu. Kwana uku tana rubuta lambobi tana sokewa, duk sun zama abu ɗaya a kanta.

"Riƙe min wuri," ta ce wa Mai Leda.

Kawu ya saurari bayanin har ƙarshe bai katse ta ba. Sannan ya cire hularsa ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa.

"Kawu, don Allah."

"A'a, ba dariya nake ba, 'yar Yaya. Tunani nake. Wato littafin da ya san inda komai yake, shi ma ya san inda yake. Mu ne dai ba mu sani ba."

Ta kira Baba. Ya ɗauka tun ƙarar farko, da alama wayar na hannunsa tun da suka fita.

"Baba, takarduna nake nema, na manta kwalin."

"Duba littafi."

"Littafin yana tare da su."

Ta duba wayar ko layin ya yanke. Can ta ji muryar Mama daga nesa tana tambayar me ya faru, Baba ya ce ba komai, harkar aiki ce.

"Saurara," ya ce, da muryarsa ta sito. "Ba a ruɗewa. Ki fara daga na ɗaya. Ki yanka salatif da reza a kan layi, ki duba, ki mayar da komai yadda yake, ki rufe, sannan ki taɓa na biyu. Kada ki tsallake lamba. Kada ki buɗe biyu a lokaci guda. Kina ji na?"

"Ina ji, Baba."

Kawu ya samo reza a aljihun mota. Auta ta durƙusa ta kwance igiyar na ɗaya, don Baba ba ya son a yanka igiya. Ta ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya tana ajiyewa a cinyarta, tana kare su da jikinta kada mutane su gani, don barandar cike take da ɗalibai da iyayensu, ita kuwa ko atishawa ba ta son yi a gaban mutane. Babu tawul. Ta mayar da komai, ta ɗaure. Minti ashirin da biyar. Na biyu littattafai ne da kwanoni, ya ci rabin awa, saboda da ta fito da su sai suka ƙi komawa.

Matar taga ta buga hatimi a kan katako ta ɗaga murya. "Gado goma sha biyu suka rage! Wadda ba ta da takarda a hannu kada ta ɓata min lokaci!"

Mai Leda ta leƙo daga layi. "Ke mai kwalaye! Mutum tara ne a gabanmu! Kwalliya kike yi musu ne?"

Auta ta dubi agogon waya. Uku da 'yan mintuna. Lissafi dai ta iya shi, ko da ba ta so. Kwali bakwai a wannan tafiyar sai bayan an rufe taga an share baranda. Sai ta ji ƙarar keken ɗinki a kunnenta, tar-tar-tar, da muryar Gwaggo tana cewa tunda kina zaune, ungo.

Ta miƙe. "Kawu, ba ni makullin mota."

"Guduwa za ki yi?"

Ta karɓa, ta nufi kwali na tara, don a ganinta abin da aka rufe a ƙarshe lambar ƙarshe zai ɗauka. Ta caka makullin a salatif ta ja, ta ture igiyar, ta kama gindin kwalin ta kifar. Rataye-ratayen kaya goma sha biyu suka watse a siminti, da tocila, da takalma, da wani gwangwanin garin madara da Mama ta cusa ba da sanin littafi ba. Murfinsa ya fita ya gangara har ƙafar mai gadi.

Barandar ta ɗauka gaba ɗaya.

"Me ake nema?"

"Takardunta, wai suna cikin ɗaya."

"Buɗe bakwai!" in ji wata uwa mai goyo. "Ni dai jikina ya ba ni bakwai."

Auta ta buɗe bakwai. Zannuwan gado, da labule, da dutsen guga. Wani dattijo da ya rako jikarsa ya ce a'a, ai masu hankali a tsakiya suke ɓoye abu, a buɗe biyar. Biyar ya zubo da sabulai da littattafai, da kuma ƙananan kayan da mace ba ta shanya su a gaban gida. Wata yarinya ta tsinto ɗaya da yatsa biyu ta miƙo mata cikin ladabi. "'Yar'uwa, naki ne?" Auta ta karɓa ba ta ɗaga kai ba. Da ƙasa za ta tsage da ta gode mata, amma ƙasar ma kayanta sun rufe ta.

Na takwas. Na shida. Gumi ya jiƙe mata baya. Kawu ya daina dariya ya shiga taya ta kifarwa, yana cewa a hankali, a hankali, alhali shi ya fi ta watsarwa.

"Gado biyar!"

"Mai kwalaye! Saura mutum biyu!"

Kwali na huɗu ya fashe ta gindi tun kafin ta kifar da shi. Babu. Kwali ɗaya ya rage a jikin bango, a ɗaure tsaf, shi ne wanda Kawu ya zauna a kai tun isowarsu. Ta yage shi. Tawul yana tsakiya, a naɗe yadda ta naɗe shi.

Kawu ya sunkuya ya karanta lambar. Uku. Ya dubi na ɗaya da na biyu da ke gefe a rufe, ya dubi tarin da ya cika rabin baranda.

"Wato da kin bi maganar tsohon nan..." Ya haɗiye sauran. "Je ki, je ki."

Ta isa tagar daidai lokacin da Mai Leda ke karɓar makulli. Ta miƙa fayil ɗin da hannu biyu, fari tas, ko lanƙwasa babu. Matar ba ta buɗe shi duka ba. Ta ɗaga gefen takardar da farce, ta ga suna, ta zare hoto biyu, ta buga hatimi.

"Hawa na huɗu, ɗaki na ƙarshe, gadon sama. Waccan kasuwar taki ce?"

"Eh, ranki ya daɗe."

"Jaka ɗaya, kwali ɗaya. Loka ɗaya ce ga kowa, kuma ba ta kai ki tsawo ba. Na baya!"

Mai gadi ya ce minti goma ya ba su su kwashe, shugabar gini na hanya. Sati uku ta yi kafin ta zaɓi littafi guda cikin uku. Yanzu an ba ta minti goma ta zaɓi abin da za ta rayu da shi wata huɗu. Ta jawo kwalin da bai mutu ba cikin waɗanda ta kifar, ta dinga rungumo abin da hannunta ya kai tana zubawa. Mai Leda ta taya ta da ƙafa. Sauran kuwa Kawu ya dinga watsa su bayan mota haka nan, sabulu kan littafi, takalmi cikin kwano, ya ja tamfol ya rufe.

"Ni fa ba zan shiga gidan nan ba," ya ce yana goge hannu. "A ƙofa zan sauke, in yi hon, in ja motata. Ina da iyali."

"Kawu, ka ce masa..."

"Ba abin da zan ce. Yayata zan kira ta fito ta tare shi." Ya dafa kanta. "Ki yi karatu, kin ji? Don wallahi an sha wahalarki."

Ɗakin gado shida ne, uku sama uku ƙasa, da taga ɗaya. Na Auta yana bakin ƙofa, dab da fanka, in ta zauna sai ta sunkuyar da kai. Mai Leda ta samu na ƙasanta, har ta baje tana cin sauran burodinta. Auta ta buɗe kwalin ta ga abin da ta ceto: ƙamus, da dutsen guga, da rataye-rataye bakwai ba kayan ratayawa, da cokula, da labule, da takalmi ƙafar hagu guda biyu, da dayari. Babu zanin gado, babu sabulu, babu bokiti ma balle a yi zancen wanka.

Waya ta yi ƙara. Baba ne.

"An samu gado?"

"An samu, Baba."

Ta ji ya sauke numfashi. "Alhamdu lillahi. A kwali na nawa suke?"

"Na uku."

"Kin gani? Ɗaya, biyu, uku. Da wata ce da ta hargitsa kayanta duka a gaban jama'a." Ya ɗaga murya don Mama ta ji. "Na uku! Kwali uku kawai ta buɗe!" Ya dawo kanta. "Ki kula da igiyoyin nan, za su yi amfani in za ki dawo."

"To, Baba."

Ta kashe wayar. Motar Kawu ba ta gudu, ko ya taka ta sai ta yi awa huɗu kafin ta kai ƙofar gida. Auta ta warware labulen ta shimfiɗa a kan katifa, ƙarafunan ratayarsa na ƙara, ta hau a hankali tana kaucewa fanka, ta miƙe ƙafafu har suka taɓa ƙarfen gadon. Katifar ta lotsa a tsakiya, tana warin wadda ta riga ta. Ba wanda ya miƙo mata komai ya ce ungo.

Daga ƙasa Mai Leda ta buga katakon gadon da ƙafa.

"Mai kwalaye, kina da cokali?"

"Guda shida."

"To miƙo ɗaya. Ni kuma ina da sabulu, sai dai rabi ne."